Yadda Wani Shagon Walda a Dakata Ya Shawo Kan Karyewar Taf da Cinyewar Tiredi

Shagon da aikin da aka kawo masa

Shagon yana Dakata, cikin layukan da masu walda da masu haɗa injin niƙa da na matsar gyaɗa suka yi yawa. Maigidan ya haura shekara 15 a walda, yana da yara biyar, babbansu ne ke riƙe shago idan ya fita. Kayan aikinsu su ne injin walda, tulun gas na yanka ƙarfe, giranda biyu, dirilin hannu, bayis a jikin teburi, da wani tsohon dirilin tsaye da aka jingine a lungu. Ƙofa da taga da firam ɗin injin niƙa su ne abincinsu. A irin wannan aiki, in za a ɗaure abu, rami ake hudawa ya zarce, a zura bolti, a kama da noti ta baya. Shi ya sa yanka tiredi, wato haƙoran da bolti ke bi in ana murɗa shi, a cikin rami bai zama abin da hannunsu ya saba da shi ba, duk da akwai 'yan taf, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi a cikin rami, a wani gwangwani da ake ɗaukowa jefi-jefi a wanke tiredin da ya yi tsatsa.

A ƙarshen watan Yuli wani Alhaji mai ba manoma hayar injuna ya kawo aikin injin sussuka 12, irin wanda ke yin gero da masara da shinkafa in an canja raga. Yana son uku kafin tsakiyar Satumba saboda gero da masara, sauran taran kuma kafin ƙarshen Oktoba, lokacin da ake fara yankan shinkafar damina a Kura da Bunkure da Garun Malam.

Kowane inji yana da shaf biyu masu kaurin milimita 25, na ganga da na fanka. Kowane shaf yana zaune a kan boris biyu masu gida, lamba P205, kowane gida kuma bolti biyu na M10, masu kaurin milimita 10, ke riƙe shi. Gidan boris yana kan fileti mai kaurin milimita 12 da aka liƙa a saman firam, shi kuwa firam ɗin bututu ne mai kusurwa huɗu, a rufe, babu ta inda hannu zai shiga da noti. Alhaji ne ya nemi a yi haka, don mai tuƙa inji ya iya canja boris a gona da sifana 17 guda ɗaya. Ke nan dole a yanka tiredi a jikin filetin kansa: rami takwas a kowane inji, 96 gaba ɗaya.

Makon farko na Agusta: taf uku sun karye

An yanko filetocin da gas daga ƙarafan da aka sayo a Ƙofar Ruwa, aka liƙa su a firam, aka watsa musu ruwa su huce da wuri, sannan aka zo huda. Bit ɗin da ke shagon na inci ne: 1/4, 5/16, 3/8 da 1/2. Babban yaron ya kara 5/16 a jikin bolti, ya ga ya ɗan fi shi siranta, ya ɗauke shi. Da dirilin hannu aka huda, firam yana ƙasa, yaro ya durƙusa a kai.

Taf ɗin M10 guda ɗaya ne a gwangwanin. Aka kama kansa da ajasta, sifanar da ake buɗe bakinta a tsuke, aka shiga murɗawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana danne shi. Wani ramin a bushe, wani a ɗiga masa baƙin mai na janareto. Ba a komawa baya, gaba kawai ake yi har ya cije, in ya cije a ƙara ƙarfi.

A rami na huɗu taf ɗin ya karye, gutsurensa ya maƙale daidai da fuskar fileti. Aka aiki yaro Sabon Gari ya sayo irinsa guda uku, masu araha. Kafin a gama ramuka 16 na firam biyu, biyu daga cikinsu sun bi na farko. Ramukan da aka samu aka gama, bolti yana shiga amma da ƙyar, wasu kuma a karkace, har kan bolti ba ya kwanciya sosai a kan gidan boris.

Mako na biyu: an canja taf, an yi ta fama da gutsattsari

Maigidan ya ce kayan jabu ne. Ya je kasuwa da kansa ya sayo saiti mai tsada, guda uku a ƙaramin akwati, an rubuta HSS a jikinsu, wato nau'in ƙarfen yanka mai daɗewa da kaifi. Ɗaya yana da zobe ɗaya a wuya, ɗaya zobe biyu, na ukun ba shi da zobe. Yaron ya duba ya ga marar zoben ne haƙoransa suka cika har baki, ya ce wannan ne na gaske, ya bar sauran biyun a akwati. Bit bai canja ba, ajasta ba ta canja ba. A rami na biyu sabon taf ya karye. Aka sake sayo marar zobe shi kaɗai, shi ma bai kai yamma ba.

Ramuka biyar ke nan da gutsuren taf a ciki, kuma cire su ya fi yanka tiredin cin lokaci. An fara da huda gutsuren da dirili, bit biyu suka ƙone ba tare da sun ko karce shi ba, domin taf ya fi bit tauri ko su zo ɗaya. Aka koma fanci da guduma. Ɗaya ya farfashe ya fita, amma ya tafi da tiredin ramin, kuma wani tsinin ƙarfe ya yi tsalle ya yanki yaro a kumatu, ƙasa da ido kaɗan. Biyu aka ƙone su da sandar walda, aka cike ramin, aka goge da giranda, aka zo sake hudawa. Bit ya yi ta ƙara yana zamewa, bai shiga ba. Narkakken taf ya gauraya da waldar, wurin ya koma ƙarfen da bit ba ya ci. A ƙarshe fileti huɗu aka yanke da giranda aka liƙa sababbi.

Mako na uku: an buɗa ramin

Wani maƙwabci mai walda ya leƙo ya ce ramin ne ya yi kaɗan. Bit na gaba a akwatin shi ne 3/8, da shi aka huda sababbin filetocin da na firam na uku. Taf ya riƙa shiga kamar a cikin sabulu. Babu wanda ya sake karyewa, aka gama ramuka 16 cikin wuni guda. Bolti yana shiga da yatsa har ƙasa, yana ɗan rawa a ciki, amma da aka ɗaure da sifana ya tsaya. Boltocin kuwa daga wani bokiti aka kwaso su, na kwance da aka saya a kan awo.

Aka yi fenti, aka ɗora injin fetur, aka gwada kowanne ba kaya na 'yan mintoci. A makon farko na Satumba Alhaji ya aiko mota ta kwashi ukun, aka kuma ci gaba da huda firam na huɗu da na biyar da 3/8.

Tsakiyar Satumba: injuna sun dawo

Na farko ya yi kwana huɗu yana aiki. Boltoci biyu na gidan boris ɗin ganga, ɓangaren fuli, suka tsinko daga raminsu da zaren ƙarfe nannaɗe a jikinsu. Gidan boris ya goce, bel ya faɗi, ganga ta daki raga, shaf ya lanƙwashe. Allah ya kiyaye babu hannun kowa a bakin injin. Na biyu mai tuƙa shi ya ji ƙara ta canja ya kashe, ya tarar bolti uku suna juyawa ba sa kamawa. Na uku Alhaji bai jira ba, ya haɗa duka ya mayar.

Ya ce wa maigidan: "Malam, ni ba rigima na zo yi ba. Manoma sun tara masara suna jirana. Ka faɗa mini gaskiya, za ka iya aikin nan ko in kai wani wuri?" Maigidan ya nemi kwana goma.

Ƙarshen Satumba: binciken tsohon makaniki

A unguwarsu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran injuna a ɗaya daga cikin masaƙun Bompai kafin ta rufe. Maigidan ya je har gida ya ɗauko shi. Dattijon ya zo da ma'aunin kalifa, da fayil, da ma'aunin tiredi mai ganyaye, bai taɓa taf ba sai da ya shafe safiya yana aune-aune.

Ya fara da bit. 5/16 ya ba shi milimita 7.9, 3/8 ya ba shi 9.5. Ya ce wa maigidan: "Ɗana, M10 na yau da kullum tazarar haƙoransa milimita ɗaya da rabi ce. Ka cire ɗaya da rabi daga goma, nawa ya rage?" Maigidan ya ce: "Takwas da rabi, Baba." Ya ce to wannan ne bit ɗinka, kuma babu shi a shagon nan.

Lissafin haka yake a duk tiredin mita: kaurin bolti a cire tazarar haƙori. M5 mai tazarar 0.8 yana son ramin 4.2, M6 mai tazarar 1 yana son 5, M8 mai 1.25 yana son 6.8, M10 mai 1.5 yana son 8.5, M12 mai 1.75 yana son 10.2. Wannan ramin yana ba da kusan kashi 75 cikin 100 na zurfin haƙori, kuma a nan masu ƙera taf suka tsaya da gangan: cikakken haƙori ɗan ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba, amma ƙarfin murɗawar da taf zai sha yana ninkuwa. Ramin 7.9 ya ma wuce cikakken haƙori, domin mafi ƙanƙantar faɗin tiredin M10 a cikin noti kusan 8.4 ne. Taf ɗin yana yanka tiredi, yana kuma ƙoƙarin yin aikin bit da gindin haƙoransa. Ramin 9.5 kuwa kwatan milimita kawai ya bar wa haƙori ya kama a kowane gefe, maimakon kwata uku. Da ya auna ramukan da suka saki, duka na 3/8 ne, wasu har sun kai 9.7 saboda an wasa bit ɗin da hannu, leɓe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ramukan makon farko da aka sha wuya a kansu, ko ɗaya bai saki ba.

Sai ya ɗauki akwatin HSS ya ga biyu ko mai bai taɓa su ba. Saitin taf na hannu iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda duka ukun kaurinsu ɗaya, bambancin a baki yake: na farko an fiƙe masa haƙori 7 zuwa 10, na biyu 3 zuwa 5, na uku 1 zuwa 2 don ya kai ƙasan ramin da bai zarce ba. Akwai kuma mai zobe, irin wanda maigidan ya sayo, wanda mai zobe ɗaya yake ɗebe kaso na farko na haƙori, mai zobe biyu ya ƙara, marar zobe ya kammala. A wannan dole a bi su ukun a jere. Yaron ya ɗora wa na ƙarshe, mai gajeren baki, aikin guda uku, a ramin da ya yi masa kaɗan.

Ajasta ma ya ɗaga ta ya nuna wa yaran. Ƙarfen taf mai tauri ne ƙwarai, abin da ya yi tauri haka kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Sifana mai hannu ɗaya tana murɗawa tana kuma tura taf gefe a lokaci guda. Mariƙin taf mai hannu biyu shi ne ke raba ƙarfin daidai, ya bar murɗawa zalla.

Daga nan ya bi filetocin da fayil. Yawancinsu fayil yana ci. Biyu kuwa, a kusa da bakin da gas ya yanka da kusa da walda, fayil zamewa yake yana ƙyalli. Ƙarfen kwance ba a san asalinsa ba. Wanda sinadarin kabon ya yi yawa a cikinsa, in ya yi ja aka watsa masa ruwa, tauri yake yi, abin da maƙera ke yi wa bakin gatari da gangan. Biyu daga cikin taf biyar ɗin a irin wannan wuri suka karye.

Bokitin bolti ne na ƙarshe. Ya zube shi a ƙasa ya bi da ma'aunin tiredi, ya ware kashi uku. Akwai M10 mai tazarar 1.5, wanda ya dace. Akwai M10 mai tazarar 1.25, wanda ya cika a motocin Japan, ido ba ya raba shi da na farko sai an kara su. Akwai kuma na inci, 3/8 mai haƙori 16 a inci, wasu na Amurka, wasu irin na Ingila da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar digiri 55 maimakon 60 na mita, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin injunan Lister. Duk suna shiga ramin M10 zagaye biyu ko uku kafin su cije, mai sifana kuma ya ɗauka ɗauri ne ya fara. A cikin boltoci biyar da suka saki a gona, biyu masu 1.25 ne.

Gwajin fileti guda da sabon tsari

Washegari aka sayo bit 8.5 guda biyu, da 9, da 6.8, da 10.2, da mariƙin taf mai hannu biyu, da boltoci sababbi na kwali ɗaya. Dattijon ya sa aka huda ramuka huɗu a guntun fileti mai laushi: 7.9, 8.5, 9 da 9.5. Ya ba babban yaron mariƙi ya ce ya yanka duka da hannunsa don ya ji bambancin. A 7.9 taf yana ƙara yana murɗewa kamar zai tsinke, aka tsaya a rabi. A 8.5 yana tafiya da nauyi daidai. Aka ɗaura bolti a sauran ukun, aka zura bututu a sifana aka yi ta ja. Na 9.5 ya cinye tun kafin a sa bututu. Na 9 ya riƙe ɗaurin hannu, ya saki da aka sa bututu. A na 8.5 boltin ne ya tsinke a wuya, tiredin fileti yana nan.

Tsarin aikin ya juya gaba ɗaya. Yanzu ana huda fileti a yanka masa tiredi tun kafin ya hau firam. Kowanne sai an gwada shi da fayil. Wanda ya yi tauri a gasa shi ya yi ja, a binne a toka ya kwana ya huce a hankali, ko a ajiye shi don wani aikin. Aka jawo dirilin tsaye daga lungu, aka canja masa bel. Ana sa ɗigo da fanci, a fara da bit 5, a bi da 8.5, fileti yana cikin bayis. Sannan a ɗan taɓa bakin ramin da babban bit, 1/2, ya yi ɗan gangare da taf zai zauna a kai.

Shigar taf a miƙe ita ce wurin da dattijon ya fi tsayawa, domin haƙora uku na farko su ke yanke hukuncin sauran: taf ɗin da ya fara a karkace ba ya miƙewa, in aka matsa masa ya miƙe karyewa zai yi. Ya nuna hanya biyu. Ta farko, a zare filogin dirilin tsaye daga wuta, a ɗaura taf a bakinsa, a sauke shi kan ramin, a juya da hannu zagaye uku, sannan a kwance a ci gaba da mariƙi. Ta biyu, a samu guntun ƙarfe mai kaurin milimita 30, a huda masa ramin 10 a dirilin tsaye, a ɗora shi kan fileti taf ya bi ta cikinsa. Yaran sun fi son ta biyun. Bayan zagaye biyu kuma a kara sukwaya ta gefe biyu a duba.

Murɗawar kanta: rabin zagaye gaba, kwata baya har a ji ɗan "ƙas" na ɓurɓushi ya karye, a sake gaba. Ɓurɓushin da ba a karya ba nannaɗewa yake a cikin kwarin taf ya toshe shi, daga nan cijewa take farawa. In nauyi ya ƙaru ba dalili, a fito da taf gaba ɗaya, a goge shi da burushi, a sake mai. Baƙin mai an daina, saboda cike yake da dattin inji. Man yanka ƙarfe ne ya fi dacewa, da ba a same shi a kusa ba aka yi amfani da sabon man giyar mota. Dattijon ya ƙara musu cewa ƙarfen kas, irin na fuli, a bushe ake yanka shi, don garinsa in ya haɗu da mai cuɗewa yake ya toshe taf. Alminiyon kuma kananzir yake so.

Wajen liƙawa, sai a ɗaura filetocin a gidajen boris, boris a kan shaf, a daidaita a kan firam, a ɗiɗɗiga walda, wayar as ta injin walda tana jikin firam kusa da wurin don kada wuta ta bi ta cikin boris. A cire boris, a toshe ramukan da tsofaffin boltoci masu giris saboda tartsatsi, a kammala walda, a bar shi ya huce da iska. A saman bututun, ƙarƙashin kowane rami, an riga an huda wani mafi faɗi don bakin bolti ya wuce.

Wani amfani da ba a yi tsammani ba ya fito: tunda yanka tiredi ba ya buƙatar lantarki, sai suka riƙa huda filetoci da yawa idan akwai wuta, su yanka tiredi idan an ɗauke.

Oktoba: gyaran na baya, da taf na shida

Ramukan 3/8, na injunan da suka dawo da na firam na huɗu da na biyar, ba a yanke filetocinsu ba. An buɗa su zuwa 10.2 aka yanka M12, tunda tsagar gidan P205 milimita 13 ce, bolti 12 yana wucewa. Sai dai waɗannan injunan sifana 19 suke so, aka rubuta haka da fenti a jikin firam. An yi maganar saka zoben waya irin na Helicoil, wanda makanikai ke gyara ramin fulogi da shi a kan injin alminiyon, amma a fileti mai wadatar nama M12 ya fi sauƙi da araha. Shaf ɗin da ya lanƙwashe sabo aka saka. Ukun suka koma gona a makon farko na Oktoba.

Taf ɗaya ya sake karyewa, a wani wuri dabam. Ƙarshen shaf ɗin fanka yana da ramin M8 da ba ya zarcewa, inda bolti da wasa, wato faifan ƙarfen da ake sa wa bolti, ke tare fuli. Wani ƙaramin yaro ya huda zurfin milimita 20, ya yi ta murɗa taf har ya daki ƙasa, ɓurɓushi ya taru a ƙarƙashinsa, ya ƙara rabin zagaye. Gutsuren ya ɗan leƙo waje, aka ɗora noti a kansa aka liƙa ta tsakiya, aka bari ya huce, aka riƙa motsa shi gaba da baya har ya fito. Daga ranar, ramin da ba ya zarcewa ana huda shi ya fi tiredin da ake so zurfi da kamar milimita 5, a naɗa salatif a jikin taf daidai inda zai tsaya, a riƙa kifa shaf ana zazzage ramin. Duk mai bugun fanci ko hura rami kuma sai da tabarau.

Sauran injuna bakwai, ramuka 56 na M10, an gama su da saiti ɗaya, babu wanda ya karye. An miƙa na ƙarshe a makon farko na Nuwamba, an makara da kusan mako guda. Har aka gama bugun shinkafa babu injin da ya dawo saboda bolti. An canja boris biyu a gona, boltocin suka fita suka koma.

Hukunci

Babban abin da ya jawo matsalar shi ne faɗin rami, kuma shi ne ya haifi duka fuskokinta biyu. 7.9 ya karya taf, 9.5 ya cinye tiredi, abin da ake nema yana tsakaninsu, akwatin bit na inci kuma ba shi da shi. Ko 11/32, wanda yake milimita 8.7, da ya yi aiki. Gwajin fileti guda ya nuna wannan a fili cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

A ganina matakin mako na uku ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Taf da ya karye asara ce da ake gani nan take, a cikin shago. Tiredi marar zurfi kuwa yana wuce gwaji, ya sha fenti, ya je ya saki a lokacin da ganga ke gudu mutane na tsaye a gefenta. Maƙwabcin ya yi gaskiya da ya ce ramin ya yi kaɗan. Abin da ya ɓace shi ne awo, kuma rawar da bolti ke yi a rami ta isa ta tsayar da aikin tun ranar.

Ajasta, da tsallake taf biyu na farko, da rashin komawa baya, su suka sa karyewar ta zo da wuri. Watsa ruwa a walda da bokitin bolti gauraye sun ƙara nasu. Ban ga laifin yaron da ya riƙe ajasta ba, domin abin da ya gani ana yi wajen wanke tsohon tiredi shi ya yi, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa cewa yanka sabo wani aiki ne dabam. Kwana goman da maigidan ya nema, da zuwan da ya yi ya ɗauko wanda ya fi shi sanin wannan fannin, su suka ceci kwangilar.

Ingancin taf, wanda aka fara zargi, shi ne mafi ƙarancin tasiri. HSS ya fi ƙarfen kabon mai araha daɗewa da kaifi, amma a ramin 7.9 da ajasta shi ma rami biyu ya yi. Taf ɗaya mai araha da ya rage daga sayen makon farko, an gwada shi a Oktoba a ramin 8.5 da mariƙi mai hannu biyu da man giya, ya yanka ramuka goma a jere, har yanzu kuma yana cikin gwangwanin ana aiki da shi.